Wai ita "winta" ce: maganar kalar kaya da kalar fatarmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa wannan jarida albarka. Don Allah ɗan fili nake nema in yi magana da 'yan uwana mata, maza ma kar su wuce don akwai nasu a ciki. Ni tela ce, na haura shekara 20 ina kan keke a nan cikin Kano, kafin nan kuma na ɗan koyar da ɗinki a wata makarantar 'yan mata, to a yi haƙuri da tsawon zancen, mu teloli in muka samu mai sauraro ba ma gajiya.

Kwanakin baya 'yar yayata ta shigo shago da turmin atamfarta, muna cikin zaɓen sitayil sai tace "Anti don Allah kar ki sa min ruwan goro a bakin wuyan rigar nan, ni winta ce." Nace ke mecece? Tace winta. Nace to Allah ya sawwaƙe, yaushe ta same ki? Yaran shago suka tuntsure da dariya, ita kuwa ko a jikinta, ta ciro waya ta buɗe min TikTok. Wani ɗaki ne fari tas a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, an zaunar da wata budurwa a gaban madubi fuskarta ba ko ɗigon hoda, an rufe mata gashi da farin ƙyalle an yafa mata wani farin a kafaɗa, wata mata tana tsaye a bayanta da tarin ƙyallaye kala kala tana ɗora mata a ƙarƙashin haɓa tana zarewa, ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe sai a ce mata ke 'yar gida kaza ce a cikin gidajen da suka raba mutane bisa kalar da take karɓarsu, winta ɗaya ce daga ciki, a ba ta ɗan kati mai ɗauke da kalolin da za ta riƙa saya har da na jambaki da rinin gashi. Kuma kuɗi ake biya, har daga wasu ƙasashen mutane suke yin takakkiya su je a yi musu. Ita kuma tamu ba Koriya ta je ba, wata manhaja ce ta ɗauki hotonta ta yanke mata hukunci.

Da farko dariya nayi. Da daddare kuma bayan na idar da sallar isha na sake kallo ni kaɗai, sai naga ai ba abin dariya ba ne gaba ɗaya, domin abinda matar nan take yi da ƙyallaye shi ne abinda duk telar kirki take yi ba tare da ta sa masa suna ba. Mu ai muna da kalmar tun fil azal, sai kiji ance wance shuɗi yana karɓarta, ko ace wannan kalar ta kashe ki, ko ta haska ki. Wallahi akwai matar da in ta yafa gyale ruwan toka sai ka tambaye ta ko ba ta da lafiya ne, gobe in ta dawo da ja wur ka rantse ta ƙara ƙiba ta huta, alhali ita ce dai jiyan, abinci ɗaya barci ɗaya.

Ɗana da yake karatun zane shi ya ba ni labarin inda abin ya samo asali, kuma ya burge ni saboda daga wajen marina ya fito. A 1824 an naɗa wani masanin haɗa sinadarai mai suna Chevreul shugaban ɓangaren rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Faris, sai masaƙa suka riƙa kawo ƙorafi wai baƙin zaren da ake rina musu ba ya yin baƙi sosai, ya bincika ya bincika ya tarar rinin lafiyarsa lau, kalar da aka jera kusa da baƙin ce take sa ido ya gan shi daban. A 1839 ya fitar da littafi a kan haka. To fuska ma haka take, duk kalar da kika ajiye kusa da ita sai ta canja yadda ido yake ganinta, ga kuma hasken da yake dukan yadin ya dawo kan haɓa da kumatu. Wannan kam ba camfi ba ne, kowa zai iya gwadawa a tsakar gidansu.

Maganar rabon mutane gida huɗu kuwa daga baya ta zo. Wani malamin zane ɗan Suwizalan, Johannes Itten, da ya koyar a makarantar Bauhaus a Jamus, shi ya lura ɗalibansa suna yawan ɗaukar kalolin da suka yi kama da yanayin jikinsu, sai kuma a 1980 wata Ba'amurkiya Carole Jackson ta fitar da littafinta Color Me Beautiful wanda ya yi kasuwa ba kaɗan ba, shi ya yaɗa wannan rabo na sifirin (spring) da sama (summer) da otom (autumn) da winta (winter), wato sunayen lokutan shekarar Turawa guda huɗu. Daga baya da aka ga huɗu ba su ɗauke mutane ba aka ƙara yayyanka su zuwa 12, wasu ma 16. Yanzu Koriya ta ɗauka ta sa masa kwalliya, TikTok ya kawo mana har ɗaka.

To ga inda ni na tsaya. Su waɗannan lokutan nasu ne, ƙanƙara da ganyen da yake yin ja ya zube. Mu muna da damina da kaka da hunturu da bazara, in ka ce min hunturu abinda zai zo min a rai ƙura ce da kaushi da leɓe a fashe, ba wani farin ƙanƙara ba. Kuma tsarin da idon shuɗi da gashi ruwan zinare da fatar da take yin ja in ta ji rana aka gina shi, shi yasa da aka zo kan masu baƙin gashi da baƙin ido da duhun fata sai kusan duka aka tattara aka zuba a winta, baƙaƙen mata a can Amurka sun daɗe suna wannan ƙorafin. Yanzu fisabilillahi ki ɗauki Bafulatana ja mai ɗan siririn hanci, ki ɗauki wankan tarwaɗa irin tamu ta cikin gari, ki ɗauki baƙa wuluk mai sheƙi wadda in ta shafa man kaɗe kamar a duba fuska a goshinta, ace duk kwando ɗaya ne? Ni da nake auna su kullum na san ba haka ba ne. Har da wani gwaji da suke cewa wai ki duba jijiyar wuyan hannunki, in kore ce fatarki mai ɗumi ce in shuɗiya ce mai sanyi ce, na juya hannuna a rana har na gaji ban ga kore ba ban ga shuɗi ba, hannuna dai na gani. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ita kuma manhajar waya, ku yi haƙuri, wayar da kafin ki ce kwabo ta riga ta goge miki fuska ta ƙara miki haske, hoton da kika ɗauka a ɗaki daban wanda kika ɗauka a waje daban, ita ce za ta faɗa miki kalarki? Su kansu kamfanonin sun san kyamara ta daɗe tana cutar baƙar fata, shi yasa a 2022 Google ta ɗauki wani ma'aunin kalar fata mai hawa 10 na wani malamin jami'ar Harvard, Ellis Monk, don gyara irin wannan. Hawa 10 ɗin ma ni a ganina in aka zo layinmu kaɗai sai an ƙara.

Amma a zubar da sunayen, a riƙe dabarar, don dabarar tana aiki. Gaskiya ne a ƙarƙashin baƙi ko farin da muke gani akwai wani ruwa na daban, wata in kika kalle ta da kyau a hasken safe za ki ga ja ja ne a ƙasan fatar, wata rawaya rawaya kamar zuma, wata kuma baƙin nata har wani shuɗi shuɗi yake yi. Sinadarin da yake ba fata kala, melanin, shi kansa iri biyu ne, akwai mai baƙi da ruwan ƙasa akwai mai ja da rawaya, ga kuma jinin da ke gudana a ƙasa. Shi yasa mata biyu za su zo duk wankan tarwaɗa, duhunsu ɗaya, amma ruwan goro ya karɓi ɗaya ya kashe ɗaya.

Bari in ba da labarin da shi ne ainihin abinda ya sa ni rubutu, don maganar winta ta 'yar yayata tsokana ce kawai ta tayar da shi. Bara wasu 'yan mata su bakwai suka kawo min ankon bikin ƙawarsu, leshi ne mai tsada, kalar nan da ba ita ba kofi ba ita ba ruwan toka ba, irin wadda ake yayi ana cewa ta manyan yara ce. Babbar ƙawa ce ta zaɓa, ita kuma fara ce sol. Ranar da suka zo gwaji kowa ta saka tana juyi a gaban madubi ana ɗaukar hoto, sai na lura da ɗaya, baƙa ce kyakkyawa doguwa, ta saka nata ta tsaya a gefe ta yi shiru. Gaskiya kayan sun kashe ta, fuskar ta yi duƙun duƙun kamar wadda ta kwana a hanya, ba ka gane inda wuyan riga ya ƙare inda fata ta fara. Da sauran suka fita sayen awara sai ta matso kusa da keke tace a hankali, "Mama, don Allah wane mai ne yake saurin yi? Saura sati uku bikin." Na gane man da take nufi. Ban ce mata komai ba, na miƙa hannu na zaro gyalena da na rataye a jikin ƙusa, ruwan ɗorawa ne mai ƙarfi, na yafa mata na zagayo da shi ƙarƙashin haɓarta na juya ta ga madubi. Malam Edita da kana wajen da ka ga abin mamaki, idon nan ya fito fari tas, haƙora suka fito, goshin ya ɗau sheƙi, yarinya ta kalli kanta ta kalli kanta sai ta sa hannu ta rufe baki tana dariya hawaye na zuba. Nace 'yata kin gani ko, ke lafiyarki ƙalau, leshin ne ba naki ba. Muka yi dabara na sa mata ruwan gwal a zagayen wuya da bakin hannu, ta sayi gwaggwaro ruwan gwal, aka sha biki.

Tun ranar nake tunani, 'yan mata nawa ne suka fara shafe shafe saboda wani yadi da bai karɓe su ba, suka ɗora laifin a kan fatar da Allah ya ba su. Ban ce shi kaɗai ne dalili ba, akwai bakin samari akwai gorin dangi, wannan zance ne mai zaman kansa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan mayukan bilicin nan masu sinadaran makuri da haidirokwinon, likitoci ma suna ta faɗa game da ƙoda da lalacewar fata, ni nawa na tela ne kawai zan ƙara: wadda ta yi bilicin ita ce mafi wahalar zaɓa wa kala, saboda fuskar ja, gefen ido ya ƙone, gaɓoɓin yatsu baƙi, wuya wani abu daban, in kika dace da goshi sai ki saɓa da hannu. Fatar da aka bari yadda take kusan kala ɗaya ce daga sama har ƙasa, ita yadi yake so.

To ya ake gwajin a gida? Ba sai da ko sisi ba. Ki bari sai da hantsi ko bayan la'asar, ki fito da madubi inda haske yake amma ba cikin tsakiyar rana ba, bakin taga ko ƙarƙashin rumfa, ki wanke fuska kar ki sa hoda kar ki sa jambaki, ki ɗaura farin ɗankwali, sannan ki kwaso duk gyale da hijabi da zannuwan gidan har na kishiya in kuna shiri. Bibbiyu ake gwadawa, shi ne sirrin, don ido ba ya gane abu sai ya ga ɗan uwansa. Ki fara da fari tas da ruwan madara, ki ɗora wannan a ƙarƙashin haɓa ki zare ki ɗora wancan. Sai ruwan goro da ruwan hoda mai ƙarfi. Sai kore irin na ganyen zaitun da kore shar. Sai sarƙar gwal da ta azurfa, ko ta fashin ce ba komai. Kuma fuskar za ki kalla ba yadin ba, nan mutane suke kuskure, sai yadi ya burge su su manta da kansu. Ki duba ƙarƙashin ido, duhun ya ƙaru ko ya ragu? Ki duba zagayen baki, ki duba farin ido da haƙori, ki duba ko tabon ƙuraje ya fito ko ya kwanta. In ruwan madara da ruwan goro da gwal suka fi yi miki, to ki karkata wajen kalolin da suke da rawaya a cikinsu, in fari tas da ruwan hoda da azurfa ne, ki karkata wajen masu shuɗi a ciki. Wata duka biyun za su yi mata, wannan ta gode Allah ta ƙyale mu da wahalarmu. Ki samu mai faɗa miki gaskiya ta tsaya a kusa, ba ƙawar da komai kika sa za ta ce ya yi ba, ƙanwa mai baki ko kaka sun fi.

A abinda na gani a shago dai, ba aya ba ce ba hadisi ba, baƙar mace sosai kala mai ƙarfi take so, fari tas, shuɗi mai kauri, ja wur, ruwan ɗorawa, kore shar, fafal mai haske, abinda yake cutarta shi ne kalar da ta yi kusa da fatarta ko wadda ta yi kamar an wanke ta sau goma, su kofi da ruwan ƙasa da ruwan toka mai duhu. Abin haushi kuma su ne ake tura ta ta saya, wai baƙa ba ta sa mai haske kar ta ƙara baƙi, wa ya faɗa? Wankan tarwaɗa mai ja a ƙasa ruwan hanta da ruwan goro da ruwan zuma da gwal suna yi mata kyau ƙwarai. Farare kuwa da ake cewa komai suka sa ya yi, ba gaskiya ba ne, fara mai rawaya a fata in ta sa koren lemon tsami ko rawaya mara ƙarfi sai ta zama kamar mai ciwon shawara, in ta sa ruwan madara daga sama har ƙasa sai ta ɓace a cikin kayan, irinta nabi bulu da marun da kore mai duhu su ke fito da ita. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Ga wani abu da 'yan Koriya ba za su faɗa miki ba don ba su da shi. Mu gashinmu a rufe yake, saboda haka duk lissafin kalar gashi da suke yi bai shafe mu ba in za mu fita, abinda ya zagaye fuskarmu shi ne ɗankwali da gyale da hijabi. Wato su ne masu hukunci, ba zani ba. Zani ko siket ki sa kalar da ranki yake so, yana can ƙasa ba ruwansa da fuska. Amma hijabi da yake kewaye fuska ruf, shi ya kamata a fi ɓata lokaci wajen zaɓensa, shi kuma shi muke saya a tsaye a bakin titi ba ko madubi, a ce a ba ni wanda ba ya nuna datti. Ni kaina na yi wannan laifin, na fi shekara 10 ina sa hijabi ruwan toka saboda alli da ƙurar shago, mutane suna ta ce min Hajiya aiki ya yi miki yawa ki riƙa hutawa, ashe hijabin ne yake min sharri. Musamman da hunturu lokacin da fata take yin furu furu, ruwan toka a kusa da fuska ƙara mata fari yake yi irin na rashin mai.

Sai maganar kasuwa. Duk wadda ta saba shiga Kantin Kwari ta san yawancin shaguna a cikin lungu suke da ƙwan lantarki a kunne rana tsaka, wani ƙwan fari fat mai shuɗi shuɗi wani ja ja, yadin da kika gani a ƙarƙashinsa ba lallai shi za ki gani a gida ba. Ba laifin ɗan kasuwa ba ne, haka haske yake. Ki roƙe shi ki fito da turmin bakin ƙofa inda hasken rana yake, ki ɗora a kafaɗa ki duba da ɗan madubin jaka, ba wanda zai hana ki in dai da gaske saya za ki yi. Ko Holan ce ko Kodebuwa ko mai sauƙin kuɗi duk ɗaya, tsada ba ta sa kala ta karɓi mutum, na ga wadda ta sa shadda Getzner ta kuɗi masu yawa ta fito kamar an tilasta mata, na ga wadda ta sa atamfa mai araha ana ta tambayarta inda ta saya. Atamfa kuma tunda kaloli ne da yawa a jiki, ki ja da baya taku biyar ki kanne ido, kalar da ta rage kina gani ita ce kalar atamfar, ita za ki yi wa hukunci. Sayen kaya ta hoton WhatsApp kuwa cinikin biri a sama ne, in ya zama dole ki ce a ɗauko miki bidiyo a waje ba fitila.

Masu haɗa lefe ku ma ga naku. Sai dangin ango su ɗunguma kasuwa su cika akwati da abinda su suke so, wata a cikinsu ko ganin amaryar ba ta taɓa yi ido da ido ba, a kawo kaya na gani na faɗa rabi ba za su saku ba, ƙarshenta su ƙare a kyauta ko a ƙasan akwati har su yi warin ajiya. Me zai hana a tambayi yayarta ko ƙawarta wace kala ce take karɓarta? Ba raini ba ne ba kuma zubar da girma ba ne. Masu fitar da anko su ma don Allah a riƙa tunawa ba babbar ƙawa kaɗai za ta sa ba, a gwada a jikin mutum uku masu kala daban daban kafin a ce kowa ta turo kuɗi, akwai kalolin da suke yi wa kusan kowa adalci kamar shuɗi mai kauri da ruwan hanta da koren nan mai ɗan shuɗi a ciki, in kuma lallai sai kalar yayi to a bar kowa ta zaɓi ɗankwali da gyalenta.

Maza na ce akwai naku. Ku hula ce a kusa da fuskarku da aikin wuyan riga, amma sai kaga mutum baƙi ya ɗinka yadi kofi ya kawo hula kofi ya ɗora, daga nesa kamar kututture. Farar shadda ko ruwan sararin samaniya a jikin baƙin namiji ai ba a magana. Ku tambayi matanku, sun daɗe da sani kunya ce ta hana su faɗa.

Abinda yake ba ni mamaki ma, iyayenmu na da sun fi mu gane wannan. Ku je Ƙofar Mata ku ga shuɗin baba a cikin karofi, marinar da ake cewa tun 1498 take, ku tuna rawani ɗan Kura mai walƙiya a kan fuskar dattijo, ku tuna riga saƙi da ake yi wa shafi da alharini ja mai ɗaukar ido wanda fatake suke kawowa ta hamada, da jan murjani a wuyan baƙar amarya, da jan lalle a tafin hannunta. Duk kaloli ne masu ƙarfi a kan baƙar fata, ba wanda ya ce musu baƙi ba ya sa ja. Mu ne da muka waye muka koma su kofi da ash muna ɓuya a ciki.

Ita dai 'yar yayata na zaunar da ita a bakin ƙofar shago da kwandon ƙyallayen da nake tarawa, muka yi gwajin nan yaran shago suna alƙalanci. Fari tas ya yi mata, azurfa ta yi mata, to nan manhajarta ta ci maki. Amma da aka zo kan ruwan goron da take gudu, kowa a shagon har mai kawo mana ruwa sai da yace wannan ya fi, ita ma ta gani ta yi shiru can tace "to Anti sa kaɗan, siriri." Na sa mata siriri. Kwandon yana nan a ƙarƙashin teburin yanka, yanzu duk wadda ta kawo ɗinki sai na ce ta zauna tukuna, wasu su ce sauri suke yi, wasu kuma sai sun ƙara aikowa gida a kawo musu gyalensu.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Taku,
Wata tela daga cikin birnin Kano